Makaranta ta yi shiru, gida ya yi shiru: wa zai koya wa yara kare kansu daga fyaɗe?

Malamar Firamare:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Maganata mai nauyi ce, a yi haƙuri da ni. A watan Nuwamban 2022 ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya ba da umarni a cire darasin da ya shafi jima'i daga manhajar makarantu, ya ce wannan aikin iyaye ne da malaman addini. Da yawanmu a Arewa mun yi na'am da shi. To tambayata: iyayen sun karɓi aikin? Malaman fa? Abin da nake gani a aji shi ne yarinya 'yar shekara tara ba ta san akwai wuraren da ba a yarda kowa ya taɓa a jikinta ba, balle ta san wa za ta gaya wa in an taɓa. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014 ya nuna cikin 'yan mata huɗu ɗaya an ci zarafinta ta hanyar lalata kafin ta kai shekara 18, cikin yara maza goma kuma ɗaya. Waɗanda suka samu wani taimako ba su kai biyar cikin ɗari ba. Me ya kamata a koya wa yaran nan, kuma wa zai koya?

Ɗan Kwari:
Wa alaikumus salam Malama. Ni fa ban ga abin da karatu zai yi wa ƙaton banza ba. Wanda ya ja 'yar shekara biyar cikin kango bai san haramun yake yi ba? Ya sani sarai. Tsoro ne babu. A yi irin na Kaduna kawai, tun 2020 El-Rufa'i ya sa hannu a dokar dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yaron da bai kai 14 ba. A dandaƙe mutum uku a bainar jama'a ki ga ko za a sake jin labari.

Lauyan Talakawa:
Alhaji, doka ba ita muka rasa ba. Dokar VAPP ta 2015, wato dokar haramta cin zarafin mutane, ta tanadi har ɗaurin rai da rai, mafi ƙaranci shekara 12 ga baligi, in kuma taron dangi aka yi kowa ba ƙasa da shekara 20 ba. Jihohi da yawa sun karɓe ta. A Nuwamban 2019 hukumar yaƙi da safarar mutane, NAPTIP, ta buɗe rajistar sunayen waɗanda aka kama da wannan laifi. A Yunin 2020 gwamnoni suka taru suka ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe, a lokacin ne Sufeto Janar na 'yan sanda ya ce an kai musu ƙara 717 daga Janairu zuwa Mayu. Ka lura da adadin nan, ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 200. Kowa ya san ba shi ne adadin abin da ya faru ba, shi ne adadin waɗanda suka iya kai kansu ofishin 'yan sanda.

Alƙali ba ya yanke hukunci kan shari'ar da ba ta zo gabansa ba. Mafi yawa a zauren mai unguwa take mutuwa. A tara dattawa, a ce a rufa wa juna asiri, ai yarinya ce kada a ɓata mata suna ta rasa miji, a ba uwar kuɗin magani, shi ke nan. Wadda ta kai kotu kuma sai ka tarar an yi wa yarinyar wanka, an wanke kayan, an gasa ta da ruwan zafi, an yi mako biyu kafin a ga likita. Lauyan wanda ake tuhuma murna yake yi da irin wannan. Kuma akwai abin da ba a cika faɗa ba: in mai laifin ƙanin uba ne, tsananin hukuncin kan sa dangi su ƙara danne maganar, don babu mai son a ce shi ya kai ɗan'uwansa ga kisa.

Ɗan Kwari:
To Barista, sai a sassauta musu ke nan?

Lauyan Talakawa:
Ban ce ba. Na ce hukuncin ba ya aiki sai an kai ƙara da shaida, ita kuwa kai ƙara sai wanda ya san yadda ake yi.

Sista Mai Aikin Dare:
Bari in ɗora a kan maganar Barista, don wannan fannina ne. Abin da nake so kowace uwa ta haddace: in abin ya faru, kada a yi wanka, kada a wanke kaya, kada a yi gashi, a tafi asibiti a ranar. Maganin da ke kare mutum daga kamuwa da ƙanjamau dole a fara shi cikin awa 72, kuma a sha shi kwana 28. Na hana ɗaukar ciki yana aiki har kwana biyar, amma gwargwadon saurin zuwa gwargwadon amfaninsa. Akwai cibiyoyi da aka ware don wannan kawai: Waraka a asibitin Murtala na Kano, Salama a Kaduna, Nana Khadija a Sakkwato. Wallahi sau da yawa sai yarinya ta fara tafiya a karkace, ko fitsari ya gagare ta, ko ciki ya fito, sannan a kawo mana ita. In ka tambayi uwar sai ta ce ba ta san akwai abin da asibiti zai yi ba. Wannan ba mugunta ba ce, rashin sani ne, kuma magana ce ta minti biyar da za a iya yi a wurin awo ko gidan suna.

Malam Mai Zaure:
Allah ya saka wa Sista da alheri, wannan babu mai ja. Amma Malama, kada mu manta dalilin da ya sa mutane suka ƙi wancan darasi. Manhaja ce da aka tsara da tunanin wasu mutane, da kuɗin wasu mutane, a kawo wa 'ya'yanmu. A haɗa maza da mata a aji ɗaya, matashin malami wanda shi kansa bai yi aure ba ya tsaya yana zana musu al'aura a allo. Wannan ba kariya ba ce, buɗe ido ne. Kunya tana daga cikin imani. In muka cire wa yaro kunya, mun cire masa garkuwar da ta fi kowace.

Malamar Islamiyya:
Allah ya gafarta Malam, ina neman izini in ɗan yi magana a gabanka. Haɗa maza da mata a irin wannan darasi ni ma ban yarda ba. Amma batun kunya, Malam ya fi ni sanin abin da Nana A'isha ta faɗa a kan matan Madina, cewa madalla da su, kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Kuma mu duba littattafan da Malam yake biya wa ɗalibai a zaurensa. Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, wanne ne bai yi bayanin janaba da haila da abin da ke wajabta wanka ba? Yaro ɗan shekara goma sha ɗaya yana biya babin wanka, ana fassara masa da Hausa dalla-dalla, ba a taɓa cewa an buɗe masa ido ba. Aya ta 58 a Suratun Nur ta koya wa yara neman izini a lokuta uku kafin su shiga wa manya: kafin asuba, da tsakar rana lokacin da ake tuɓe kaya, da bayan isha'i. Hadisin Abu Dawud ya ce a raba musu wurin kwana in sun kai goma. Duk wannan koyar da iyakar jiki ne.

Abin da ya rage mana shi ne jimla ɗaya da muke tsallakewa. Muna gaya wa yarinya al'aurarki daga nan zuwa nan, ki rufe. Ba ma ƙara mata da cewa: kuma babu wanda yake da ikon buɗewa ko taɓawa, ko kawunki ne, ko malaminki, ko mai shagon da ke ba ki alewa, in kuma ya yi, shi ne mai zunubi ba ke ba. A fiƙihunmu na Malikiyya wadda aka tilasta babu haddi a kanta, yana nan a Muwaɗɗa. 'Yan mata nawa suka san wannan? Da yawa suna yin shiru ne don sun ɗauka su ma mazinata ne.

Malam Mai Zaure:
Malama, kin kawo hujja daga cikin gida, ba ni da ta cewa a kan ta. Amma kin ga kin tabbatar da maganata: muna da namu, ba ma bukatar na aro.

Malamar Islamiyya:
Muna da shi a littafi, Malam. A mumbari ne ban cika jin sa ba.

Baban Khalifa:
Kowa yana ta kewaye-kewaye. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ku dubi shigar 'yan matan yanzu, ku dubi abin da suke yi a TikTok. A koya musu sutura, a hana su yawon dare, rabin matsalar ta tafi.

Sista Mai Aikin Dare:
Baban Khalifa, ka yi haƙuri, amma ina ma a ce za ka kwana ɗaya a ɗakinmu. 'Yar shekara uku wace shiga ta yi? Yaro namiji ɗan shekara bakwai da aka lalata a makwancin almajirai wane TikTok ya yi? Na karɓi wadda aka kawo da hijabi har ƙasa, a hanyar dawowa daga hadda abin ya same ta. Kuma mafi yawan waɗanda nake gani ba baƙo ne ya tare su a duhu ba. Maƙwabci ne, ɗan haya ne, mijin yaya ne, wanda ake aiken yarinya ɗakinsa da kwanon abinci.

Ɗalibar Samaru:
Kuma Baba, a surar da Malama ta ambata, aya ta 30 da aka ce a runtse ido maza aka fara yi wa magana, sannan aka zo kan mata a ta 31. Mu a gidajenmu mun juya tsarin. Mace tun tana 'yar mitsitsiya ake mata faɗan zama da tafiya da dariya, namiji kuwa sai a ce ai namiji ne. Yayyena maza babu wanda aka taɓa zaunar da shi aka ce masa in mace ta ce a'a to a'a ce, ko budurwarka ce, ko ka kashe mata kuɗi.

Baban Khalifa:
Ni ban ce yara ƙanana suna da laifi ba. Manyan nake nufi.

Ɗalibar Samaru:
Manyan ma ba su da shi, Baba. Sutura wajibi ce don Allah ya ce, ba don in an bar ta an halatta wa wani ya yi ta'asa ba.

Ga masu tambayar ko karatu yana aiki, an gwada an auna. A Kanada wata farfesa mai suna Charlene Senn ta tsara horo na awa 12 ga 'yan matan da suka shigo jami'a, aka buga sakamakon a 2015. Cikin shekara guda, waɗanda ba su samu horon ba kusan 10 cikin ɗari aka yi wa fyaɗe, waɗanda suka samu kusan 5. Abin da aka koya musu ba wani abin kunya ba ne: gane alamun haɗari daga mutumin da ka sani, daina jin nauyin ƙin amincewa, ɗaga murya, da yadda za ka ƙwaci kanka. A unguwannin talakawa na Nairobi ma ƙungiyar Ujamaa ta yi irinsa a makarantu, zama shida, mata daban maza daban, su mazan ana koya musu yadda za su tsawatar in sun ga ana cin zarafin mace. Malam, ka ga ko a can ba a haɗa su aji ɗaya ba.

Ɗan Kwari:
'Yata, Kanada daban, Kurna daban. Ki koya wa yarinya ta ce wa kawunta a'a, ta yi ihu. To ta yi. Ta ruga ta gaya wa uwarta. Uwar ta kwaɗa mata mari ta ce kada in ƙara jin wannan maganar a bakinki, so kike ki raba mini zumunci? Me karatun ya amfana mata? Gara ma ba ta faɗa ba.

Malamar Firamare:
Alhaji, wannan ita ce magana mafi ƙarfi da aka yi yau, duk da ka kawo ta ne don ka kayar da ni. Gaskiya ne. Yaron da ya faɗa aka ƙaryata shi ba zai sake faɗa ba, mai yi masa kuma ya samu lasisi. Ke nan ɗaliban farko ba yara ba ne, mu ne.

Hajiya Babba:
Ku bar ni in sa baki, na girme ku duka. Mu aka tashe mu a kan yaro ba ya musu da babba, ba ya haɗa ido da babba, in babba ya aike ka ko ina ne ka tafi. Tarbiyya ce mai kyau, ni ma da ita na tashi nawa. Amma a wancan lokacin gida ɗaya ne, kowa ya san kowa, tsofaffi suna zaune a tsakar gida ido a kan kowace yarinya. Yanzu gidan haya ne mai ɗaki goma sha biyu, banɗaki ɗaya, uwa ta tafi aikatau, uba ya fita tun asuba. Mun riƙe biyayyar, tsaron ya tafi. Mugu kuwa da biyayyar nan yake aiki: zo in aike ki, shigo ki karɓi canji, in kika faɗa zan yanka ki.

Sai talla. Kowa a zauren nan ya san me ke faruwa da 'yan talla a tasha da gareji da kangon gini. Mutum ya saye gyaɗar duka ya ce ta biyo shi ta karɓi kuɗin. Yarinyar ta san in ta koma da ragowar kaya za ta sha duka. Uwar kuma tana tara kuɗin kayan ɗaki ne. Ba zan zage ta ba, talauci ne, amma wani ya zauna da ita ya nuna mata abin da take sayarwa da gaske.

A zamanin Nana Asma'u 'yar Shehu, jajis, wato malamai mata da ta horar, suke bi ƙauye-ƙauye suna karantar da mata a cikin gidajensu, da waƙoƙi na Hausa da Fulatanci. Shehu da kansa ya yi tir da malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci suna karantar da na waje. Yau muna da Islamiyyar matan aure a kowane lungu, muna da ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN tun 1985. Hanyar isa ga uwaye a buɗe take, darasin ne ba a saka ba.

Maman Ilham:
Hajiya, Allah ya ƙara girma. Ni abin da nake yi da nawa ba shi da yawa. Tun suna shekara uku, wajen wanka nake gaya musu nan da nan da nan naki ne, daga ni sai likita in ina wurin. Ba na tilasta musu zama a cinyar kowa don kada baƙo ya ji haushi. Na ce musu duk wanda ya ce kada ki gaya wa Mama, to shi ne abu na farko da za ki gaya wa Mama, kuma na yi alkawari ba duka. Cika alkawarin nan ne mai wuya. Ranar da ta zo ta ce ta fasa miki kofi kika zane ta, kin koya mata ɓoye babba. Kuma namijin ma haka nake masa, kalma ɗaya ban rage ba.

Tsohon Ɗan Kwana:
Na gode Maman Ilham da kika ambaci maza. Na yi makarantar kwana, ba zan faɗi sunanta ba. Abin da wasu manyan ɗalibai suke yi wa ƙanana da dare kowa ya sani, har malamai, amma babu yaron da zai buɗe baki, don in ka faɗa kai za a riƙa nunawa har ka gama. Ku tuna Satumban 2019 da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, yawancinsu yara da matasa, wasu suka ba da labarin lalatar da aka yi musu. Iyaye ne suka kai su da hannunsu don a gyara su. Namiji ba shi da ma inda zai kai kuka, ana ce masa namiji ba ya kuka.

Lauyan Talakawa:
Shi ya sa VAPP ta fi tsohuwar dokar Penal Code a nan, ta amince ana yi wa namiji fyaɗe.

Ɗan Kwari:
To ga wata. Kuna ta cewa ilimi. Binciken da BBC ta yi a 2019 a jami'ar Legas da ta Ghana, su wa aka kama suna neman ɗalibai? Masu digiri uku-uku. In ilimi yana hanawa, da su ne waliyyai.

Ɗalibar Samaru:
Alhaji, ba digiri ake nufi ba. Su sun san abin da suke yi, kamar yadda ka faɗa tun farko. Abin da suke dogaro da shi shi ne ɗalibar ba ta san inda za ta kai ƙara ba, in ta kai ma za a ce me ya kai ki ofishinsa. A shekarar ne ma 'yan matan Arewa suka fara fitowa a Twitter suna ba da labarinsu, ka ga irin zagin da suka sha. Mai laifi yana kallon wannan, yana lissafi.

Malam Mai Zaure:
Na saurari kowa. Har yanzu ban yarda a mayar da waccan manhaja yadda take ba, kuma duk abin da za a koyar a makaranta sai iyaye sun gani tukuna, mata su koya wa mata, maza su koya wa maza. Amma batun sulhu da Barista ya kawo ya tsaya mini. An sha kiran mu irin wannan zama a ce Malam a yi addu'a a rufe magana. Sulhu a kan bashi ne da rikicin gado, ba a kan yarinyar da aka lalata ba. Wanda aka rufa wa asiri yau, gobe 'yar wani zai nema. Zan yi magana da limaminmu kan huɗuba.

Baban Khalifa:
A haɗa da maganar sutura a huɗubar dai, Malam.

Malamar Islamiyya:
Wannan ai kowace Juma'a ana yi, Baban Khalifa. A bar wa ɗayar Juma'a guda.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a a dakata. Wata 'yar'uwa ta turo mini saƙo ta gefe, ta ce kada a ambaci sunanta. Abin ya faru da 'yar ƙanwarta shekaranjiya da yamma, a wani gari kusa da Sakkwato, an riga an yi wa yarinyar wanka, kuma mahaifin ya ce kada a fita da maganar. Tana tambaya ko lokaci ya ƙure.

Sista Mai Aikin Dare:
Bai ƙure ba, amma saura kaɗan, awa 72 za ta cika gobe da yamma. Ta ɗauke ta yau, kada ta jira safiya in da hali. Su nufi cibiyar Nana Khadija a asibitin ƙwararru na Sakkwato, in ya yi nisa kowane babban asibiti, ta faɗa wa ma'aikaciyar jinya abin da ya faru ƙarara don a fara maganin. Wankan da aka yi bai hana a duba ta ba. Kayan da ta sa ranar, in ba a wanke ba, a naɗe su a takarda ko ambulan, ban da leda. Kada kowa ya titsiye yarinyar da tambayoyi a hanya.

Lauyan Talakawa:
Kuma ta karɓi rahoton likita ta adana, ko da mahaifin bai sauko ba tukuna. Mai kula, ba ta lambata ta gefe.